Mutumin da Aka Daina Yi wa Musu

A layin teloli da ke bayan kasuwa ba wanda ya damu da sunansa na gaskiya. Ba-haka-ba suke ce masa, kuma shi ya ja wa kansa. Ka gaishe shi da rana tsaka, ka ƙara da cewa yau ana zafi, sai ya kafe babur ɗinsa, ya cire hular kwano, ya ce, "Ba haka ba ne, jiya ta fi." In ka ce to, lallai jiya ta fi, sai ya dube ka da tausayi ya ce ai kai ba ka da tsayayyen ra'ayi. Mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta, takan ce tun yana goye, in ta juya dama shi hagu yake leƙawa.

Sana'arsa gyaran keken ɗinki. Ya koya a wurin wani tsoho mai haƙuri, wanda ya yaye shi da wuri, rabi don ya ƙware, rabi don kunnen tsohon ya huta. Bai taɓa kama shago ba, wai shi ba zai iya zama wuri ɗaya yana jiran aiki ya zo ya same shi ba. Akwatin ƙarfe ne ɗaure a bayan babur, cike da sukundireba manya da ƙanana, da filaya, da kwalbar mai, da tsofaffin ƙoshiyoyin zaren keke da ya rantse sun fi na yanzu ƙarko. Da shi yake zaga gari daga safe har yamma. Shayi ma a tsaye yake sha. In tela ya ce kekensa na tsinka zare, kafin ya rufe baki Ba-haka-ba ya ce ba keken ba ne, zaren ne na banza. Sai kuma ya durƙusa ya kwance keken, ya gyara abin da ya ce lafiyarsa ƙalau, ya tafi yana jaddada cewa zaren ne. Teloli sun saba. Wasunsu har tanadar masa magana suke yi, ta ƙwallo ko ta gwamnati, don in ya zo a sami abin rage rana.

Amma babban filin dagarsa gida ne, don Allah ya haɗa shi da mace daidai shi. Ranar da suka fara haɗuwa, keken mahaifiyarta ta kawo gyara, ta gaya masa abin da ya lalace, ya ce ba shi ba ne, ya buɗe ya ga shi ne. Har yau bai amsa cewa ita ce da gaskiya ba. Shekara talatin da ɗoriya suna musu a kan taga: shi yana so a buɗe, ita tana so a rufe saboda sauro, ran da ta buɗe kuwa sai ya ce hayaniyar titi ta dame shi. Sun yi musu a kan wanda babbar 'yarsu ta ɗebo kama, har yarinyar ta yi aure ta haifi nata. A shekarar farko maƙwabta sun yi ta jiran ranar da za a fito da kayan amarya; da suka gaji da jira sai suka koma sauraro ta katanga. Yara suka girma, aiki da aure suka watsa su garuruwa, gida ya rage su biyu da rediyo, amma bai taɓa yin shiru ba. Shi dai bai san wata hanyar nuna wa mutum ƙauna ba. Wanda bai ɗauka a bakin kome ba, "to" yake ce masa ya wuce.

Ranar da abin ya same shi ma musu suke yi. Da safe ne, yana tsaye a ƙofar kicin da kofin shayi, tana wanke-wanke ta ba shi baya. Ya ce ta taɓa masa ƙaramar sukundirebarsa. Ta ce ita me za ta yi da ita, miya? Ya ce jiya a kan firji ya ajiye. Ta ce jiya da idonta ta ga ya sa ta a aljihu, ya duba in ba tsoro ba. Ya buɗe baki zai ba ta amsa, amsar tana nan a shirye, sai ta ƙi fitowa. Shirun ya yi tsawo. Ita kuwa, ba tare da ta juyo ba, ta ce, "Ka gani ko? Yau dai ba ka da ta cewa." Sai ta ji faɗuwar kofi.

Shanyewar ɓarin jiki ce, na dama. Ya yi makonni a asibiti. Hannun ya zama kaya, ƙafar ta ɗan dawo har yana jan ta da sanda. Magana ma ta dawo, amma da ƙyar: kalmomin suna nan a kansa cif, hanyar fitarsu ce ta ƙuntata, ɗaya-ɗaya suke fitowa, kuma sai an jira su. Hankalinsa kuwa garau. Ranar sallama likita ya yi dogon bayani a kan magani da abinci da motsa jiki, a ƙarshe ya ce a riƙa kwantar masa da hankali. Uwargida da ƙanensa, wanda direba ne kuma shi ke kai-komo da su, wannan ta ƙarshen kaɗai suka ji, suka kuma riƙe ta da hannu biyu.

Suka dawo da shi wani gida da bai gane ba. An fito da gadonsa falo. Ya ce a buɗe taga, aka buɗe. Ya ce a rufe, aka rufe. Ya ce shayi ya yi sanyi alhali yana turiri, Uwargida ta ɗauka ta sake dafawa ba ta ce uffan ba. Da farko ya ɗauka gajiyar jinya ce, za ta wuce. Ba ta wuce ba. Matar da ba ta taɓa barin kalmarsa ko ɗaya ta kwana ba amsa ba, yanzu bakinta "to, Malam" da "haka ne, Malam". In ya fara magana ya maƙale a tsakiya, sai ta yi maza ta ƙarasa masa, ta kuma amince da abin da ta ƙarasa. Yaran ma da suke bugo waya an riga an yi musu huɗuba, kowa "haka ne, Baba".

Zama ya gagare shi, tafiya ta gagare shi. Ya sa a mayar da shi kujera, kafin ya zauna sosai ya ce bakin ƙofa yake so, a bakin ƙofa ya ga masu wucewa suna satar kallonsa ya ce gado. Ƙafar hagu mai lafiya ba ta daina kaɗawa, har kujerar na ƙara. Rediyo kuwa ya sha murɗa. Daga wannan tasha zuwa waccan yake bi yana neman inda ake cacar baki, in ya samu ya mayar musu da martani a zuci, su ba su ji ba balle su rama. Teloli suka zo dubiya, suka jeru a doguwar kujera, suna yi masa magana da ƙarfi sannu-sannu, sai ka ce ciwon a kunne yake. Wani ya ce yau ana zafi. Ba-haka-ba ya ji wani daɗi ya taso masa, ya tattara ƙarfinsa ya ce, "Ba..." Kafin kalma ta biyu ta iso, su duka suka ce, "Haka ne, babu zafi, yau da sauƙi." Ya juya fuska bango har suka tafi.

Ba hannun ne ke cinsa ba. Hannu ya tafi, ya gani, ya yi baƙin cikinsa, ya haƙura rabi da rabi. Abin da ke cinsa shi ne ya san sarai su wa ake ce wa "to" a kan kome: ƙaramin yaro, da mai taɓin hankali, da wanda ake jira ya cika. Yana so ya san a cikin ukun nan ina aka ajiye shi.

Sai ya ɓullo da wata dabara, irin wadda sai shi. Ya ƙudura zai riƙa faɗin abin da ba mai hankalin da zai bari ya wuce, har sai wani ya gaji ya ce masa a'a. Wata Asabar ƙanen ya shigo gaishe shi, ya ce masa, "Yau... Laraba." Ƙanen ya dubi Uwargida, ya ce, "Laraba ce, Yaya." Washegari ya nuna silin ya ce ruwan sama na yoyo, rana kuwa ta take. Uwargida ta kawo bokiti ta ajiye daidai inda ya nuna, ya yini yana kallon busasshen bokitin nan. Sai ya ƙara wuta. Ya ce babbar 'yarsu ta isa aure, ya kamata a fara tunani. Uwargida ta ce, "Za a fara, Malam," ta shige kicin. Ya ji ta buɗe famfo har ƙarshe, ba kuwa abin da take wankewa.

Da yamma ya jiyo su a baranda. Ƙanen ya rage murya, amma muryar direba ba ta raguwa. "Ni fa ina ganin abin ya taɓa kan," in ji shi. "Mu dai mu yi ta lallaɓa shi." Uwargida ba ta musa ba. Garin neman gira ya rasa ido ke nan: shi da ya fita neman a shaida yana da hankali, da bakinsa ya kawo musu shaidar babu. Ya so ya ƙwala musu kira ya ce gwada su yake yi, amma bayani irin wannan dogo ne, kuma ya san kafin ya kai rabi za a ce masa haka ne.

Ana cikin wannan hali nas ta fara zuwa. Asibitin unguwa ne ke turo ta gidajen waɗanda aka sallama, ta auna jini, ta duba fata kada kwanciya ta ci ta, ta ga yadda ake shan magani da motsa jiki. Gajeruwa ce, ba ta wuce sa'ar babbar 'yarsa ba, da ƙatuwar jaka da takalmin da ya sha hanya. A tsaye kullum cikin sauri take, amma in ta zauna sai ka ce ba ta da wani gida a gaba. Ranar Litinin ta fara zuwa. Ta jawo kujera kusa da shi, ta naɗa masa abin awon jini, ta ce, "Baba, ya jikin?"

"Yau... Laraba," in ji shi. Ya ma daina sa rai, bakin ne kawai ya saba.

Ya ga idonta ya ɗaga sama da kansa, inda Uwargida ke tsaye, ya san alama ake yi mata. Idon ya dawo kansa, ya daɗe.

"Litinin ce, Baba," ta ce. "Kuma ina jin ka sani. Wanda ya rikice ba ya tsare ni da ido haka yana jiran ya ji me zan ce."

Ya ji numfashinsa ya sauka har ciki. Don kada ta ga ya ji daɗi, sai ya ce abin awon jininta ƙarya yake yi, na asibiti ya fi. Ta ce nata sabo ne. Ya ce sabuntar ita ce matsalar. Ta jira shi har ya kai ƙarshen maganar, ba ta ara masa ko kalma ɗaya ba, sannan ta ce ba ta yarda ba. Kafin ta tafi ta yi masa 'yan tambayoyi, ya amsa su duka yana harararta, ta gaya wa Uwargida a gabansa cewa kan Baba lafiya lau yake. Uwargida ta ce to, Allah ya sa. Ran nan ya cinye abincin ranarsa tas.

Daga nan ranakun zuwanta suka zama ranakunsa. Tun safe yake neman riga mai maɓalli, ya yi ta kokawa da ita da hannu ɗaya, ya zauna yana tanadin abin da zai musa. Ita kuma ba ta raga masa, ba ta kuma yi masa musun ƙarya don ta faranta masa. Ya gwada ta ya gani, in yana da gaskiya takan ba shi abarsa. Ya ce wankan sassafe da ake yi masa yana sa jikinsa ya sandare, da rana ya fi. Ta yi tunani ta ce gaskiyarsa, aka mayar da wanka rana. Kome shi take tambaya: wace kujera, a fara da hannu ko da ƙafa, a huta ko a ƙara. In Uwargida ta amsa a madadinsa, sai nas ɗin ta ce, "Mama, bari mu ji daga bakin mai jikin."

Babban rikicinsu a kan 'yar matakalar da ke tsakanin falo da baranda aka yi shi. Ta ce in zai hau, ƙafa mai lafiya ce gaba, in zai sauka kuwa mai ciwon ce. Ya ce wannan zancen banza ne, mai lafiya ce gaba a ko'ina, ba a sa raggo a gaba. Ta ce ai ba yaƙi za su ba. Suna cikin haka, yana tsaye dafe da sanda, tana riƙe da ɗamarar da ta ɗaura masa a ƙugu, sai kuka ya kece masa. Haka ciwon ya bar shi. Kuka kan zo masa ba sallama ba dalili, wani lokacin ana tsakiyar dariya, kuma ba abin da ya tsana kamarsa. In ya zo, Uwargida takan kashe rediyo, ta sallami baƙi, a yi ta tafiya da sanɗa a gidan har washegari.

Uwargida ta taho da sauri. Nas ɗin ta ɗaga mata hannu, ta zaro hankici daga aljihunsa ta sa masa a hagu.

"Wannan kukan na ciwon ne, Baba, ko naka ne?"

Ya ce, "Na... ciwon."

"To ba ruwanmu da shi, zai gaji ya tafi. Ran da naka ya zo ka gaya mini, mu zauna mu ji da shi. Share, ina jiranka. Ba mu gama maganar ƙafa ba."

Ya share, yana shessheƙa yana cewa mai lafiya ce gaba. Ta ce to ya gwada, tana riƙe da shi. Ya gwada. Ƙafar dama da aka bari a sama da nauyinsa duka ta lanƙwashe, ba don ɗamarar ba da ya sha ƙasa. Ya gwada nata, ya sauka lafiya. Ya tsaya a baranda da ƙafarsa, abin da bai yi ba tun dawowarsa, ya dubi titi hagu da dama, ya ce matakalar ce aka gina a karkace.

Amma nas ba ta gida ɗaya ba ce. Wata rana tana naɗe abin awon jini ta ce zuwanta ya kusa ƙarewa. Jikinsa ya yi kyau, daga yanzu shi zai riƙa zuwa asibiti, kuma akwai sababbi da ke jiranta. Ƙafar tasa ta kama kaɗawa. Hawaye suka zo.

"Wannan... nawa ne," ya ce.

Ta ajiye jakar ta koma ta zauna.

"A gidan nan... na riga na mutu. Ba a... sanar da ni ba ne kawai." Ya nuna kicin da haɓa. "Ta daina... yi mini faɗa."

Nas ɗin ba ta ce masa ya daina faɗin haka ba. Ta ce, "Ka yarda in kira ta, mu yi maganar a gabanka?" Ya gyaɗa kai. Uwargida ta fito tana goge hannu da tawul, ta tsaya, ta ƙi zama.

"Mama, Baba fa kewar faɗanki yake yi."

"Sista, ke ba ki ga yadda ya faɗi ba," in ji Uwargida. Muryarta daidai take, hannuwanta ne ke murɗa tawul ɗin. "Ina tsaye ina gasa masa magana, ko juyowa ban yi ba. Mutum yana faɗuwa a bayana, ni ina murna na ci shi. Ni na tayar masa da jinin nan. Tun a mota, a hanyar asibiti, na ɗauki alkawari, in Allah ya tashe shi, ko rana ya ce dare ne, to dare ne."

Bai taɓa sanin haka ba. Shi a tunaninsa cire shi ta yi daga cikin mutane, ashe tsoro ne ke cinta ita kaɗai tun ranar. Kunya ta kama shi, da tausayi, da haushi kuma, don wannan magana ce da ya kamata a ce an yi musu a kanta tun tuni.

Nas ɗin ta yi mata bayani a hankali. Ta ce ciwon nan ba a safiya ɗaya yake ginuwa ba, jininsa ya daɗe yana hawa ba a sani ba, ko barci yake yi zai iya samunsa. Ta ce abin da zai kare shi magani ne da awo da motsa jiki, ba "to" ba. Ta ce ba tana nufin a tayar masa da hankali ba, amma ta sha gani, mutum in aka daina musa masa kome, daina tashi daga gado ne ke biyo baya. Uwargida ta saurara har ƙarshe, kanta a ƙasa.

"Haka ne, Sista," ta ce.

Ya rufe ido. Ya san wannan "haka ne" ɗin, ai a kansa aka koye ta.

Nas ta yi zuwanta na ƙarshe ta tafi, gida ya koma yadda yake. Ya daina neman riga mai maɓalli. Ya yi ƙoƙarin gaya wa Uwargida da kansa cewa ba ita ba ce, ya ɗauki lokaci yana jera kalmomin, ta ce, "To, Malam, na ji." Sanin dalili bai rage masa kome ba, sai ma ƙara masa ƙaiƙayi da ya yi, don yanzu mutum biyu yake gani a ɗaure a gidan, ba ɗaya ba. Ya yi ta sintiri da sandarsa, daga gado zuwa baranda, daga baranda zuwa ƙofar kicin, ya tsaya yana kallon bayanta, ya koma, ya sake dawowa. A lungun baranda babur ɗinsa yake, lulluɓe da tsohon zanin gado.

Wata safiya ya ce mata, "Gobe... zan fita aiki. A babur."

Ya ga wuyanta ya sandare. Ya jira. Ta ce, "Allah ya kai mu, Malam." Da yamma ya ji ƙarar makullai a ɗaki, ya san na babur ɗin ta cire ta ɓoye. Wato a ɓoye za a hana shi, yadda ake zare wa yaro wuƙa ana yi masa wasa. Wannan ya ɓata masa rai fiye da duk abin da ya gabata.

Shi ma ya san ba inda za shi, hannun da ke murɗa mai ne ya mutu. Amma washegari, tana can baya tana shanya, ya sauka matakalar, ya ja jiki har lungun. Ya yaye zanin gadon. Ya jingine sanda, ya kama kan babur ɗin da hagu, ya tura shi don ya sauko daga kan ƙarfen da ke tokare da shi. Babur ya fi yadda ya tuna nauyi. Ya karkata, ya tafi, ya daki bango, madubi ya tarwatse. Shi kuma ya sulale ya zube tsakanin taya da katanga, akwatin ya buɗe, kayan aiki suka watse a siminti.

Ta zo a guje da jiƙaƙƙiyar riga a hannu. Ta durƙusa ta shafa kansa, ta duba hannu, ta duba ƙafa, ta kama haɓarsa ta juyo da fuskar tana duba bakin. Ba jini, ba karaya, gwiwar wando ce kawai ta yage. Ta miƙe tsaye. Ya ga tana numfashi da ƙyar, tana neman ta ce masa sannu abin ya ƙi.

"Wai kai wane irin mutum ne?" ta ce. A hankali ta fara. "Da wane hannun za ka tuƙa? Da wane? Mutum ya tsufa bai san ya tsufa ba. Na yi wanki, na yi ɗauka, na yi saukewa, na haɗiye maganata har ta zame mini ciwon ciki, kai kuma kana nan kana shirya yadda za ka ƙarasa kanka a baranda, a ce ina gida. Taurin kai dai, tun kana saurayi taurin kai. Ciwo ya ɗauki hannu, ya ɗauki ƙafa, ya bar mana shi, don ko ciwon bai ga abin da zai yi da shi ba."

Sai ta tsaya cak, ta toshe baki da jiƙaƙƙiyar rigar. Idonta na kan bakinsa. Ya gane abin da take tsoron gani, ya kuma gane cewa in ya yi shiru yanzu, ko na ɗan lokaci ne, ba za ta ƙara buɗe baki a gabansa ba har abada. Ya tattaro kalmomin da sauri yadda bai taɓa yi ba tun kwanciyarsa.

"Ban... faɗi ba," ya ce. "Zama... na yi."

Ta sauke rigar daga bakinta. Ta dube shi a ƙasa, ƙafa ɗaya a miƙe, fasasshen madubi a cinyarsa.

"Ƙarya kake yi," ta ce.

Daɗi ya rufe shi har ya rasa inda zai sa kansa. Hawaye suka zubo masa, bai damu ya share ba. Ita ma nata suna zuba, amma ba ta janye maganar ba.

"Babur ɗin ne..." ya fara, sai ta gaba ta maƙale.

Ta san abin da zai ce, ya ga ta sani, yana kan harshenta. Ta ture kayan aikin gefe da ƙafa, ta zauna a ƙasa a gabansa, ta naɗe hannu.

"Ina jinka," ta ce. "Ƙarasa, in ba ka amsa."